Yadda ake fitar da ɗanyen hoton biki dubu zuwa JPEG a lokaci ɗaya

Mai ɗaukar hoto ya dawo daga biki na kwana uku da hotuna 1,200 a katin kyamara, duk ɗanyu, wato RAW. Idan kyamarar mai megafiksel 24 ce, kowane hoto zai kai megabait 25 zuwa 30, jimilla kusan gigabait 30 ke nan ko fiye. Dangin amarya kuwa tun washegari suke kira. Wanda ya ce sai ya buɗe kowane hoto ya gyara ya ajiye da hannunsa, ko minti biyu-biyu ya ba su, ya ci awa arba'in. Abin da ke biye hanya ce ta ɗora wa kwamfuta wannan maimaicin. An gina bayanin a kan Lightroom Classic na Windows, sannan an taɓo Photoshop da wata manhaja ta kyauta. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke a fuskar manhajar don a gane su.

Ɗanyen hoto ba hoto ba ne tukuna. Bayanin haske ne da idon kyamara ya kwaso, yawanci a bit 12 ko 14, yayin da JPEG yake a bit 8. Bit 14 na ɗauke da matakan haske 16,384 a kowane launi, bit 8 kuwa 256 kacal. Shi ya sa ake iya ceto zanen aikin farar babbar riga da rana ta haske a ɗanyen hoto, amma a JPEG ya tafi ke nan. Canon na ajiye ɗanyen hoto da sunan CR2 ko CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF. Lightroom ba ya taɓa ainihin fayil ɗin. Gyaran da ka yi umarni ne kawai da yake rubutawa a kundinsa, sai ranar fitarwa yake bin umarnin ya samar da sabon JPEG. Saboda gyaran umarni ne, ana iya kwafarsa a manna wa hoto ɗari uku a cikin daƙiƙu.

Kafin a buɗe manhaja

A kwafe katin gaba ɗaya zuwa wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun waje. Kada a yi gyara kai tsaye daga kati, kuma kada a goge katin sai an miƙa aiki. A ba foldar suna da kwanan wata a gaba, kamar 2025-04-12_Biki, domin ta jeru daidai. Windows ba ya karɓar alamar / a sunan fayil, don haka 12/04/2025 ba zai shiga ba. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ Windows na karɓarsu, amma gara a bar su daga sunan fayil, tunda ba a san injin da mai wankin hoto zai zuba su a ciki ba.

A kuma duba ko manhajar ta san kyamarar. Lightroom 6.14, wanda ya fita a ƙarshen 2017, da Photoshop CS6, wanda sashensa na buɗe ɗanyen hoto ya tsaya a Camera Raw 9.1.1, ba sa karanta CR3, domin Canon bai fara amfani da shi ba sai 2018. Maganin shi ne Adobe DNG Converter, kyauta ne: a nuna masa foldar, ya mayar da kowane fayil DNG, wato nau'in ɗanyen hoto na Adobe, tsohuwar manhaja ta buɗe. Folda guda yake ɗauka, ba sai an zaɓi hoto ɗaya-ɗaya ba.

Shigo da hotuna

A shiga Edit, sai Preferences, sai Presets. A wurin Raw Defaults a zaɓi Camera Settings. Wannan yana magance ƙorafin da kowane sabon hannu ke yi, cewa hoto ya yi kyau a bayan kyamara amma da ya shiga kwamfuta sai ya dusashe. Abin da ake gani a bayan kyamara ƙaramin JPEG ne da ita kanta ta gyara ta cusa cikin fayil ɗin. Lightroom yakan nuna shi na ɗan lokaci, sannan ya maye shi da nasa launin, Adobe Color. Da wannan zaɓin, zai fara daga launi mai kama da na kyamarar.

A tagar Import, a zaɓi Add idan an riga an kwafe hotunan. A Build Previews a sa Embedded & Sidecar, shi ne mafi sauri wajen tantancewa a kwamfuta mara ƙarfi. A ƙarƙashin Apply During Import akwai gurbi biyu da suka shafe mu: ɗaya na saitin gyara, ɗaya na bayanan mallaka. Na biyun a cike shi sau ɗaya da sunan situdiyo da shekara. Na farkon kuwa kada a cika masa kaya. Gyaran karkatar gilashi, wato Enable Profile Corrections, da Remove Chromatic Aberration, da ɗan kaifi sun isa. Haske da launi ba su da wuri a wannan saitin, dalilin yana nan tafe.

Idan kyamara biyu aka yi aiki da su kuma agogonsu bai zo ɗaya ba, hotunan za su cakuɗe: ango na gaisawa da mutane bayan ɗaurin aure, hoto na gaba kuma liman bai fara ba. A nemo lokaci guda da kyamarorin biyu suka ɗauka, a lura da tazarar, a tace hotunan kyamarar da ta kauce, a zaɓe su duka, a shiga Metadata, sai Edit Capture Time, a gyara lokacin hoton da ke gaba. Sauran za su matsa da tazara iri ɗaya.

Sai tantancewa. A kunna Caps Lock, a danna P ga wanda ake so, X ga wanda ba a so, manhajar za ta riƙa tsallakawa gaba da kanta. Ba a gyara abin da ba za a miƙa ba. Bayan an gama, a jera su bisa lokacin ɗauka, a zaɓi waɗanda suka tsira, a danna F2 a canza musu suna da lamba mai gurbi huɗu, Biki_0001 zuwa sama. A nan ya kamata a canza suna, ba a wajen fitarwa ba. Idan uwar amarya ta dawo bayan wata shida tana son a faɗaɗa mata lamba 0347, sunan JPEG ɗinta da na ɗanyen hoton ɗaya ne, ba sai an yi lalube ba. Hakan kuma na hana karo tsakanin kyamarori biyu da kowacce ke da IMG_0001 nata.

Raba hotuna bisa haske

Nan ne aikin yake cin nasara ko ya lalace. Kwamfuta ba ta san bambancin rana da kwan lantarki ba, abin da aka ba ta shi za ta maimaita. Bikin Bahaushe kuwa haskensa ba ɗaya ba ne. Ɗaurin aure a ƙofar masallaci da hantsi ko bayan Juma'a: rana a tsaye, fararen shaddoji, inuwar hula a kan ido. Kamu a tsakar gida ƙarƙashin rumfa: idan rumfar ja ce ko shuɗiya, launinta ya zuba a fuskokin mata. Ɗakin amarya: taga a gefe ɗaya, farin kwan lantarki a sama. Liyafar dare a zaure: fitilu masu canza launi, shunayya yanzu, kore an jima. Saiti ɗaya ba zai yi wa waɗannan huɗun adalci ba.

A ware kowane yanayi da alamar launi, lamba 6 ja, 7 rawaya, 8 kore, 9 shuɗi. A kowane rukuni a ɗauki hoto ɗaya matsakaici, ba mafi kyau ba, ba mafi muni ba, a gyara shi a Develop, sashen gyara na Lightroom, da natsuwa.

A fara da daidaita fari. A ɗauki ma'aunin White Balance a taɓa wani abu mai launin toka ko fari da bai ƙone ba. A yi hattara da farar shadda, domin wadda aka sa wa bula tana da shuɗi-shuɗi. In aka auna da ita, manhajar za ta ƙara rawaya don ta kashe shuɗin, fuskoki su koma kamar an shafa musu kurkum. Farin bango ko takardar gayyata sun fi aminci. Daga nan a saita Exposure bisa fuska, ba bisa riga ba, sannan a ja Highlights ƙasa har zaren aikin wuyan riga ya bayyana. A danna J, duk inda ya ƙone zai fito da ja. Shadows a ɗaga shi da sauƙi. Idan aka wuce gona da iri, baƙar fata takan yi toka-toka, hoton ya rasa zurfi, kuma ƙurar ISO, wato ɗige-ɗigen da ke fitowa a hoton da aka ɗauka a ƙarancin haske, ta fito a inuwa. Launin fata kusan duk yana zaune a layin Orange na sashen HSL, wanda ke cikin Color Mixer a sabon Lightroom. Ɗan ƙarin Luminance a wurin yana haska fuska ba tare da ya taɓa farar riga ba. Sai dai lalle ja da ɗinkin zinare da atamfa mai ruwan lemo su ma a wannan layin suke, za su motsa tare.

Maɓallin Auto ba abin dogaro ba ne a hoton biki. Yana auna kowane hoto shi kaɗai, don haka hotuna biyar na jere guda za su fito da haske biyar, kuma a albam bambancin zai yi ta tsalle a ido.

Idan hoton gwajin ya yi, a bar shi a zaɓe, a riƙe Shift a zaɓi sauran rukunin, a danna Ctrl+Shift+S. Taga za ta buɗe da akwatuna. A sa alama a White Balance, Basic Tone, Tone Curve, launi, kaifi, rage ƙura, gyaran gilashi da Process Version. A cire alama daga Crop, da Transform, da goge tabo, da Masking. In aka manta Crop, yankan da aka yi wa hoton kwance zai hau kan na tsaye, a sare wa mutane kai. In aka manta goge tabo, facin da aka yi don ɓoye ƙurji a kumatun mutum ɗaya zai sauka a idon wani. Tabon ƙurar da ke kan idon kyamara ne kaɗai yake zama a wuri guda a kowane hoto, shi ana iya kwafar gogewarsa, amma tsakanin hotuna masu fuskanta ɗaya.

Akwai maɓallin Auto Sync da ke sa duk abin da aka taɓa ya shafi duk hotunan da ke zaɓe nan take. Yana da amfani, yana kuma da haɗari. An sha mantawa da shi a kunne, a gyara hoto ɗaya, ɗari biyu su canza. Ctrl+Z na dawo da su idan an farga da wuri.

Idan an ɗauka da saitin da kyamara ke canza saurin ƙyaftawa da kanta, hasken hotunan wuri ɗaya zai riƙa hawa da sauka. A zaɓe su, hoton da aka gyara na gaba, a shiga Settings, sai Match Total Exposures. Yana lissafi da saurin ƙyaftawa da buɗewar gilashi da ISO ya daidaita su. Bai san ƙarfin filasha ba, saboda haka ba ya aiki a hotunan da filasha ta haska. Hotunan zaure masu fitilu masu juyawa kuwa, gaskiya ba su da gajeriyar hanya. A raba su ƙananan rukunai na goma ko ashirin, wanda launinsa ya gagara a mayar da shi baƙi da fari. Ratsin duhu da ke fitowa a kwance saboda ƙyaftawar fitila shi ma babu saitin da ke cire shi. Wutar Najeriya da Nijar na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, maganinsa tun wajen ɗauka ne, a tsaya a 1/50 ko 1/100.

Bayan an manna, a koma Library, sashen da ke jera hotuna, a ƙara girman ƙananan hotunan a bi su da ido. Waɗanda suka kauce za su fito fili, a taɓa su ɗaya-ɗaya. Miƙe karkataccen hoto da yanka shi ma aikin hannu ne.

Saitin fitarwa

A zaɓi hoto ɗaya a danna Ctrl+Shift+E. Za a gina saiti uku, kowanne a ajiye shi da maɓallin Add da ke ƙasan hagu.

Na farko, cikakken girma na miƙa wa mai biki. Image Format JPEG, Color Space sRGB, Quality 85, babu rage girma, Output Sharpening a kashe. Lambar Quality tana da wani sirri: ko da yake daga 0 zuwa 100 aka rubuta, matakai 13 ne kawai a ciki, daidai da 0 zuwa 12 na Photoshop. Daga 85 zuwa 92 mataki ɗaya ne, daga 93 zuwa 100 ma haka. Matakin ƙarshen yana kumbura fayil sosai, ido kuwa da wuya ya ga bambanci.

Na biyu, na waya da intanet. A sa alama a Resize to Fit, a zaɓi Long Edge, a rubuta fiksel 2048, a kunna Don't Enlarge. Long Edge ake zaɓa domin ya yi wa na kwance da na tsaye daidai. Quality 80, Sharpen For Screen a Standard. Gurbin Resolution ba shi da tasiri a nan, ko 72 aka rubuta ko 300, yawan fiksel ɗaya ne. A Metadata a zaɓi Copyright Only, ko aƙalla a kunna Remove Location Info, kada hoton ɗakin amarya ya yi yawo ɗauke da adireshin gidan. Tambarin situdiyo, in ana so, a wannan saitin ake sa shi, a ba shi girma bisa Proportional don ya bi girman kowane hoto.

Na uku, na wanki. Lissafin shi ne inci sau 300. Hoton 4×6 na buƙatar 1200×1800, 5×7 na buƙatar 1500×2100, 8×10 kuma 2400×3000. Yawancin manyan kyamarori na ɗauka a ma'aunin 3:2, wanda ya dace da 4×6 cif. 8×10 kuwa 5:4 ne, dole a yanke gefe. Idan ba a yanke da hannu ba, injin wanki zai yanke da kansa, kuma wanda ke tsaye a ƙarshen layi shi zai rasa kafaɗa. A yi Virtual Copy da Ctrl da alamar ', a yanke kwafin, asalin ya zauna yadda yake. Sharpen For a zaɓi Glossy Paper ko Matte Paper bisa takardar da za a yi amfani da ita. Launi a bar shi sRGB sai in mai wankin ya nemi wani da bakinsa. Hoton da aka fitar a Adobe RGB ko ProPhoto RGB, in ya faɗa hannun manhajar da ba ta karanta bayanin launi, jan atamfa zai koma ruwan ƙasa, fata ta yi fari-fari kamar ta mara lafiya.

A Export Location a ba kowane saiti ƙaramar foldarsa ta Put in Subfolder: Cikakke, Waya, Wanki. A Existing Files a bar Ask what to do. Zaɓin da ke goge tsoho ba tare da gargaɗi ba, da manyan baƙaƙe aka rubuta shi don dalili.

Tun daga Lightroom Classic 9.0 na 2019, kowane saiti na da akwati a gefensa. A sa alama a ukun, a danna Export sau ɗaya, kowane hoto ya fita kashi uku. Amma kafin a saki dubu, a gwada goma: na kwance, na tsaye, na rana, na dare. A buɗe su a wajen Lightroom, a tura biyu zuwa waya a gani, a duba suna da girma da wurin da tambari ya sauka.

Abin da ke tsayar da aiki a tsakiya

Fitarwa na cin ƙarfin kwamfuta gaba ɗaya. Laftof da ke kan batir yakan rage gudu, wanda ke kan katifa a zafin watan Afrilu kuma yakan yi zafi ya ja da baya ko ya mutu. A jona shi da wuta, a ɗora a kan teburi ƙasansa na shan iska, a hana shi barci a saitin wuta na Windows. Kwamfutar teburi ba a fara wannan aikin da ita sai da UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke. Ɗaukewar wuta ba ta lalata ɗanyun hotuna, amma tana iya lalata kundin Lightroom, fayil mai ƙarewa da lrcat, inda duk gyaran yake. A saita ajiyar kwafinsa a Catalog Settings, a zaɓi wani rumbu dabam a tagar ajiyar da ke fitowa idan za a rufe manhajar, a kuma zaɓi duk hotuna a danna Ctrl+S bayan gyara, don a rubuta umarnin a ƙananan fayilolin XMP kusa da kowane ɗanyen hoto. In aiki ya katse, a sake fitarwa zuwa folda ɗaya a zaɓi Skip, sai dai a goge hoton ƙarshe da aka rubuta tukuna, wataƙila rabinsa ne.

Alamar motsin rai a kusurwar hoto na nufin Lightroom bai ga fayil ɗin ba. Galibi rumbun waje ne ya canza harafi, jiya E yau F. A danna dama a kan foldar, Find Missing Folder, a nuna masa. Denoise mai aiki da ƙirƙirarriyar basira yana da kyau ga hotunan dare, amma a kwamfutar da ba ta da katin hoto mai ƙarfi yana iya cin mintuna a hoto ɗaya. A ware masa 'yan ƙalilan da za a faɗaɗa.

Idan Photoshop ake da shi

A buɗe ɗanyun hotunan rukuni ɗaya a Camera Raw, a gyara ɗaya, a zaɓi duka, a yi Sync Settings, a danna Done ba Open ba. Sai File, Scripts, Image Processor. A nuna foldar shiga da ta fita, a sa Save as JPEG, Quality 10 ko 11, a kunna Convert Profile to sRGB. A Resize to Fit a rubuta 2048 a faɗi da tsawo duka biyun, in ba haka ba na tsaye za su ƙanƙance. Gurbin Run Action na ƙasa yana gudanar da duk aikin da aka naɗa, kamar sa firam. Kada a naɗa Save ko Close a cikin wannan aikin, Image Processor ne ke ajiyewa. In an naɗa, kowane hoto zai riƙa hawa kan sunan wanda aka yi naɗin da shi. Gyaran da aka yi a Lightroom kuma Photoshop ba zai gan shi ba sai an rubuta XMP.

Hanyar kyauta

RawTherapee ba a biyan kuɗinsa, kuma yana da sashen da ake ba umarni a rubuce. A gyara hoto ɗaya a cikinsa, a ajiye saitin a fayil mai ƙarewa da pp3, sannan a tagar umarni ta Windows, wato Command Prompt, a rubuta:

rawtherapee-cli -o D:\Biki\JPEG -p rana.pp3 -j90 -c D:\Biki\Rana

Harafin o na nuna inda za a zuba, p saitin da za a bi, j90 ingancin JPEG, c kuma foldar ɗanyun hotuna, kuma dole shi ne na ƙarshe a layin. Tunda saiti ɗaya yake bi, kowane yanayin haske sai an ba shi foldarsa da pp3 ɗinsa. Layi huɗu a fayil guda mai ƙarewa da bat, wanda Windows ke bin umarnin cikinsa layi-layi, sun ɗauke bikin duka. Ba ya karanta gyaran Lightroom, don haka ba a fara aiki a can a ƙarasa a nan.

Wajen miƙawa, WhatsApp na matse duk hoton da aka tura a matsayin hoto. A tura 'yan kaɗan na gaggawa a matsayin Document, sauran a zuba a filas. Idan filas ɗin FAT32 ne, ba zai karɓi fayil guda da ya wuce gigabait 4 ba, saboda haka a kwafe foldar yadda take maimakon a dunƙule ta a zip, ko a mayar da filas ɗin exFAT tun kafin a zuba komai. A ƙirga yawan fayilolin da ke filas a gwada da yawan da Lightroom ya nuna a zaɓe.